Muhawara: har yanzu ɗa na kowa ne a Sakkwato?

Wata uwa, Mabera: Assalamu alaikum. Jiya maƙwabciyata, Bayarabiya kuma Kirista, ta iske ɗana a gidan kallon ƙwallo lokacin Islamiyya. Ta riƙo hannunsa har ƙofar gida, ta yi masa faɗa a gabana. Na yi mata godiya, amma maigida ya ce ba huruminta ba ne. Ku raba mu.

Dattijo, Kanwuri: Wa alaikumus salam. 'Yata, godiyarki daidai take. Da muna yara, duk babban da ya gan ka kana ɓarna tsumagiya zai ɗauka, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Ɗan fari ma uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, kaka ko goggo ke riƙonsa.

Malamin firamare, Runjin Sambo: Baba, a gafarce ni. A Kanwuri kowa ya san kakan kowa. Mu nan gidan haya guda akwai Bazabarme, Badakkare da Ibo, kowa da abin da yake kira ladabi. Yaron Bayarabe kwanciya yake yi in zai gaida babba, namu tsugunawa. Da ma'aunin wa za a hukunta yaro? Kuma tun 2021 jiharmu tana da dokar kare yara. Ba zan bari wanda ban sani ba ya taɓa mini ɗa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Malam, wa ya yi maganar duka? Matar nan ba ta mare shi ba, makarantar addininsa ta tsare masa. Na yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta nan Sakkwato, wadda tun 1966 take haɗa yaran ƙabilu. Babbar ɗalibar da ke tashina sallar asuba Kirista ce, har yau ina yi mata fatan alheri.

Malamar Islamiyya, Gawon Nama: Jajin nan, wato malamai mata da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta riƙa turawa ƙauyuka su karantar da mata, ai ba ɗiyan cikinsu suke koya wa ba.

Malamin firamare: Gaskiya ne Malama, amma su an san wanda ya aiko su, ga malfar naɗinsu a kansu. Maƙwabcin haya wa ya naɗa shi?

Dattijo: Katangar da ke tsakaninku ta naɗa shi, ɗana. Musulunci bai keɓe haƙƙin maƙwabtaka ga Musulmi kaɗai ba.

Wata uwa: Na karanta wa maigida duka. Ya ce ya yarda ta riƙa sanar da mu, amma kada ta sake janyo shi a bainar jama'a. Ni dai na ba ta lambar wayata, na ce in ba ta same ni ba ta riƙo shi.