Me ya sa kumfa ke kashe wutar fetur, ruwa kuma ya kasa?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum. Idan fetur ya kama wuta a gidan mai ko wajen masu sayarwa a kwalba, sai a ce kar a zuba ruwa, kumfa ake so. To ita kumfar ba da ruwa ake yin ta ba?

Malam na Birni: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana zuba sai ya nutse, fetur ya taso ya bi shi da wutarsa har kwata. Kuma abin da ke ci tururin man ne. Kumfa ruwa ce da sinadari da iska: in sinadarin na kashi 3 ne, lita 3 cikin lita 97 na ruwa, bakin tiyo ya shaƙo iska ya kumbura ta. Sai ta kwanta a kan man kamar bargo, ta danne tururi, ta tare iska, ruwan da ke tsatsowa daga jikinta ya sanyaya ƙarfen da ya yi zafi.

Mai gareji Sabon Gari: Gaskiya ne, Malam. Amma wajen fesawa ake yawan ɓata aiki. Kar a harba ta tsakiyar man, za ta nutse ta fantsama wuta. A buga ta jikin tanki ta gangaro, ko a ƙasa gaban wutar ta mirgina, iska tana bayanka. Lissafi: kusan lita 4 na ruwa haɗe da sinadari a minti ga kowace murabba'in mita. Murabba'in mita 50 ke nan lita 200 a minti, minti 15 lita 3000, sinadari lita 90. A tara shi kafin a fara, don in ya yanke a tsakiya wuta na cinye abin da aka shimfiɗa. Bayan wutar ta mutu kar a taka kumfar, kar a watsa ruwa a kai, a riƙa ƙarawa, musamman lokacin hunturu da iska ke yage ta.

Hajiya Garin Malam: Ɗana, ka kiyaye inda kumfa ba ta aiki. Tana ɗaukar lantarki, sai an yanke wuta tukuna. Tukunyar gas a rufe kanta ne, man suya kuma murfi. Jarkar sinadari a ajiye ta a inuwa, zafin Afrilu a Damagaram na lalata shi, kuma kar a gauraya iri biyu. Kafin komai a kira 18, lambar 'yan kwana-kwana a Nijar.