Peranakan: "ruwa biyu" za mu ce, ko "haifaffun gari"?

Assalamu alaikum ma'abota harshen Hausa, musamman masu fassarar labarai da malaman tarihi. Akwai wata kalma da nake so mu tsayar da magana a kanta. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da kebaya, rigar matan kudu maso gabashin Asiya, cikin kundin al'adun gado na duniya, bayan ƙasashe biyar sun haɗa kai sun nema: Burunai, Indonesiya, Malesiya, Singafo da Tailan. Duk wanda ya bi labarin wannan riga sai ya ci karo da sunan wasu mutane da matansu suka yi fice wajen yi mata aikin zare, wato Peranakan. Wasunmu sun bar kalmar yadda take. Wasu kuma na ga sun rubuta "Sinawa ruwa biyu". Wannan fassara ba ta kwanta mini ba, kuma ga dalilaina, tare da amsata ga shawarwari da tambayoyin da wasu 'yan'uwa suka aiko a kan kalmar.

Sai mun san mutanen kafin mu raɗa musu suna.

Tun wajen shekarar 1400 birnin Malaka ya zama babbar kasuwa a bakin mashigin ruwan da ya raba Malesiya ta yau da tsibirin Sumatra. Jiragen wancan zamani da iska suke tafiya, iskar yankin kuwa wata da watanni take yi tana kaɗawa gefe guda kafin ta juya. Falken da ya zo daga Sin dole ya zauna jiran juyawarta. Yawancinsu daga lardin Fujian suke, masu magana da harshen Hokkien, kuma ba sa zuwa da mata. Sai suka auri matan yankin. Yaran suka tashi da harshen uwa da girkinta da suturarta, sannan suka riƙe sunan zuriyar uba, da bikin sabuwar shekarar Sinawa, da hidimar da ake yi wa kakannin da suka mutu. Da aka yi 'ya'ya da jikoki sai suka koma auren junansu, wani lokaci kuma su ɗauki saurayi mai ƙwazo cikin sababbin zuwa su ba shi 'ya. Namijinsu Baba ake ce masa, macen kuma Nyonya.

A Malaka da Singafo harshen gidansu Malay ne mai cike da kalmomin Hokkien, har "ni" da "kai" ma, gua da lu, daga can aka ɗauko su. A tsibirin Penang na Malesiya kuwa Hokkien ɗin suka riƙe suka zuba masa kalmomin Malay. Aurensu na gargajiya kwana 12 ake yi ana hidima. Amarya kan nuna tarbiyyarta da takalmin da ta yi wa adon ƙananan duwatsu da hannunta. Girkinsu ya haɗa dabarun Sinawa da madarar kwakwa da tsamiya da daddawar jatan lande ta mutanen yankin. Suna kuma rera waƙoƙin ba-ni-in-ba-ka da harshen Malay a bukukuwansu.

Ita kalmar kanta daga anak ta fito, wato ɗa ko 'ya a harshen Malay. Peranakan na nufin wanda aka haifa a nan alhali tushensa na wani wuri ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a wannan harshe da wannan kalmar ake kiran mahaifar mace. Mu ma haka muke yi: mahaifa ce cikin da ya ɗauke ka, mahaifa ce garin da aka binne cibiyarka. Ke nan su da mu tunaninmu ɗaya a nan, kuma daga wannan saiwa ta haihuwa ya kamata fassararmu ta tsiro.

To me ya sa na ƙi "ruwa biyu"? Domin jini take aunawa. Idan Bahaushe ya ce wane ruwa biyu ne, fatarsa da gashinsa yake kallo, yana nufin ubansa daban uwarsa daban, shi ne na farko a haɗin. Baban da kakanninsa bakwai ko takwas duk a Malaka aka haife su ba rabin kowa ba ne. Da yawansu in ka gan su a hanya ba za ka bambanta su da kowane Basine ba, sai sun buɗe baki, ko ka shiga madafinsu. Abin da ya ware su harshe ne da tarbiyya da daɗewa a wuri.

Wani ɗan'uwa ya rubuto "barbarar yanyawa". Ɗan'uwa, don Allah a ajiye wannan. Kalmar cin fuska ce, ba a kiran al'umma guda da ita.

Wani malami daga Zariya ya kawo "'yan kaka-gida", ya ce ai baƙon da ya zo ya zauna dindindin shi ne ya yi kaka-gida. Allah ya gafarta Malam, ta fuskar ma'ana ka yi kusa ƙwarai. Inda na tsaya shi ne warin da kalmar ta ɗauka a bakin masu labarai. Shekara da shekaru muna jin ta tare da "'yan kama-wuri-zauna", a kan waɗanda suka ƙwace ƙasar wasu da ƙarfi suka gina gidaje. Wanda ya ji "Sinawa 'yan kaka-gida a Malaka" zai ɗauka mamaya suka yi. Alhali sun riga kowane Bature isa can. Suna zaune Fotugal ta ci birnin a 1511, suna zaune Holan ta karɓe shi a 1641, suna nan kuma lokacin da yarjejeniyar 1824 ta miƙa shi ga Ingila.

Wanda ya fi kowanne wuyar ture wa shi ne "'yan ƙasa", domin kowa zai ce ai 'yan ƙasa ne. Gaskiya ne, fasfo ɗinsu na Malesiya ne ko na Singafo. Amma wannan gurbi akwai mai shi. Kalmar bumiputera, wadda siyasar Malesiya ta ginu a kanta, fassararta kai tsaye ita ce ɗan ƙasa: bumi ƙasa, putera ɗa. Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasar ake nufi da ita, kuma Sinawan Peranakan ba sa cikin bumiputera. A nan ne ciwon yake, kuma in muka haɗe kalmomin biyu a Hausa mun share labarin gaba ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. Da Ingila ta haɗa Penang da Malaka da Singafo ƙarƙashin mulki ɗaya a 1826, su Baba ne suka fi kowa amfana. Suna jin Malay, sun san Sinawa, suka kuma yi saurin tura yaransu makarantun Turanci. Suka zama dillalai tsakanin Bature da sauran jama'a, suka yi dukiya a fatauci da jiragen ruwa, daga baya da gonakin roba. Tan Tock Seng, haifaffen Malaka, shi ya ba da kuɗin asibitin talakawa a Singafo a 1844, kuma har yau asibitin na ɗauke da sunansa. A 1900 manyansu suka kafa ƙungiyar da ke bayyana biyayyarsu ga gadon sarautar Ingila, har ana yi musu laƙabi da Sinawan Sarki. Sababbin zuwa daga Sin, waɗanda ake kira sinkeh, wato sabon baƙo, suna kallonsu a matsayin waɗanda suka zubar da harshen iyaye. Akwai ma gorin da ake yi musu da Malay, ma'anarsa Basinen da ba Basine ba.

Da Bature ya tashi, sai ƙasa ta raba jama'a gida-gida. Ɗaya daga cikin su Baba, Tan Cheng Lock na Malaka, shi ya jagoranci kafa jam'iyyar MCA ta Sinawan Malaya (yammacin Malesiya ta yau) a 1949, yana cikin waɗanda suka share hanyar 'yancin kai na 1957. Duk da haka tsarin mulkin ƙasar, a sashe na 160, ya ce Bamalaye shi ne Musulmin da ke magana da Malay yake kuma bin al'adun Malay, sashe na 153 kuma ya ba Malayawa matsayi na musamman. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 aka shigo da sabon tsarin tattalin arziki a 1971 wanda ya faɗaɗa wannan fifiko a guraben karatu da aikin gwamnati da hannun jari. Su Baba suna da harshen, suna da rabin al'adar, ba su da addinin. Sai aka lissafa wanda zuriyarsa ta yi ƙarnuka a Malaka tare da wanda ubansa ya sauka daga jirgi jiya.

A Singafo ta wata ƙofa abin ya zo musu. Can gida huɗu aka yi: Basine, Bamalaye, Ba'indiye, da sauransu. Aka sa su a gidan Sinawa, don haka a makaranta "harshen uwa" na ɗansu shi ne Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, harshen da uwar ba ta taɓa yi masa magana da shi ba, kakarsa ma ba ta ji. A 1979 gwamnatin Lee Kuan Yew ta ƙaddamar da gangamin magana da Mandarin, shi kuwa Lee ɗin mahaifiyarsa Nyonya ce da ta yi suna a girki. Yau Malay ɗin su Baba ya koma bakin tsofaffi. Wannan abu yana taɓa ni ƙwarai, domin a shekarar 2008 aka buɗe musu gidan tarihi na musamman a Singafo, a shekarar ce kuma UNESCO ta karrama Malaka da George Town, babban birnin Penang, masu yawon buɗe ido na ta tururuwa kallon gidajensu da tangaran ɗinsu, amma harshen da aka yi rayuwa da shi a cikin gidajen yana ƙarewa.

A Indonesiya ma an san kalmar, kishiyarta a can totok, wato sabon zuwa. Gwamnatin Suharto ta matsa wa Sinawa su sauya sunaye, ta kuma hana bukukuwansu a bainar jama'a a 1967, sai a 2000 Shugaba Abdurrahman Wahid ya soke hanin.

Wata Hajiya daga Kumasi ta tambaya: in haka ne, me ya sa Hausa ba ta da kalmar tun tuni, alhali mu ma fatake ne, mun kuma karɓi fatake? Hajiya, tambayarki ta fi duk shawarwarin da aka kawo amfani. A ganina addini ne amsar. Wangarawa sun zo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji, Larabawan Gadamas sun zauna a Dandalin Turawa, Agalawa sun shigo daga arewa. Aka haɗu a sahu ɗaya, aka yi auratayya, bayan 'yan zuriyoyi suka zama Kanawa, sai sunan unguwa ko na zuriya ya rage. Ba a samu al'umma ta uku da ke buƙatar suna ba. Can ma haka ta faru da Jawi Peranakan, 'ya'yan Musulmin Indiya da matan Malay. Su ne suka fitar da jaridar Malay ta farko a Singafo a 1876, kuma da yake Musulmi ne, yawancin jikokinsu yau Malayawa ne a takarda. Waɗanda suka rage a tsakiya su ne waɗanda addini ya raba su da dangin uwa: su Baba, da Chitty na Malaka, jikokin fataken Tamil mabiya addinin Hindu masu magana da Malay a gida.

Abin da nake ba da shawara shi ne "haifaffun gari". Namiji haifaffen gari, mace haifaffiyar gari.

Ba ƙirƙira ba ce daga sama, a bakinmu take. Ku lura da wanda muke faɗa wa ita. Bakano ɗan Bakano "ɗan gari" muke ce masa. Amma in aka ga Kwara a Kantin Kwari yana zuba Hausa da karin magana, ko Bayarabe ɗan Sabon Gari da harshensa ba ya harɗewa, sai ka ji an ce "ai haifaffen Kano ne". Ba ma faɗin haka sai ga wanda tushensa na wani wuri ne, kuma muna faɗa ne don mu tabbatar masa da wurin zama. Aikin da Peranakan ke yi ke nan a Malay. Tana kuma karɓar sunan asali a gabanta yadda ta Malay ɗin ke yi: Sinawa haifaffun gari, Indiyawa haifaffun gari, Larabawa haifaffun gari. Kishiyarta ma muna da ita a shirye, "sababbin zuwa", ta ɗauki sinkeh da totok duka. "'Yan ƙasa" kuma ta zauna wa bumiputera ita kaɗai.

Malamin Zariya ya dawo da suka mai nauyi. Ya ce yaron da iyayensa suka zo daga Sin shekara talatin da suka wuce, aka haife shi a Kuala Lumpur, shi ma ai haifaffen gari ne, amma ba Peranakan ba ne. Haka ne, Malam. Kalmar tamu ta fi tasu faɗi a yau, domin tasu ta daɗe har ta zama sunan wata al'umma sananniya. Shi ya sa nake ganin a raba aiki. Inda ake nufin al'ummar kanta, da gidan tarihinta da girkinta da kebayarta, a bar sunan da suke kiran kansu da shi, Peranakan, kamar yadda ba ma fassara sunan kowace ƙabila. A karon farko da sunan ya fito a labari sai a biyo shi da bayani: "Peranakan, wato Sinawa haifaffun gari kaka da kakanni". Wannan "kaka da kakanni" ita ke fitar da yaron Kuala Lumpur daga lissafi. Inda kuma ake maganar irin wannan matsayi gaba ɗaya, a Malaka ne ko Phuket ta Tailan ko Jawa ta Indonesiya, "haifaffun gari" ta wadatar.

Ga yadda za ta zauna a jimla: "Matan Peranakan, wato Sinawa haifaffun gari kaka da kakanni, su ne suka shahara da kebaya mai aikin zare." Ko kuma: "Dokar ba ta bambanta haifaffun gari da sababbin zuwa ba, duk ta ware su daga 'yan ƙasa."

Saura Baba da Nyonya. A bar su yadda suke, amma mai fassara ya riƙa rubuta "su Baba na Malaka" ko "al'ummar Baba da Nyonya", domin in ya rubuta Baba tsurarta mai karatu zai ɗauka mahaifin wani ake nufi. A wurinsu yaro ɗan shekara goma ma Baba ne.