Tayil ya ɗaga a Mabera, faɗa ya koma kan daɓe

Alhaji Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Bayan ƙaramar salla na sa aka gyara makewayin uwargida nan Mabera. Tayil kwali tara, siminti buhu shida, ban da kuɗin fulamba. Wata huɗu ba a cika ba, tayil biyar sun tsage, sauran in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Ruwan wanka maimakon ya nufi magudana sai ya kwanta bakin ƙofa, kullum da tsintsiya ake korar shi. Bangon ɗakin yara ya jiƙe, fenti na ɓarewa. Na faɗa, in ƙara faɗi: duk Sakkwato babu ɗan gida da ya iya daɓe kafin tayil. Mai son aiki ya nemo 'yan Kwatano, masu aikin tayil daga ƙasar Benin. Wanda ya ji haushi ya sha ruwan randa.

Murtala: Allah shi mayar da alheri, Alhaji.

Malam Sani: Alhaji, da girmanka, daɓe ka ce? Daɓe ai aikin mata na. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, su Inna su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa. Abin da ake yi ƙarƙashin tayil sikiridin aka ce mishi.

Hajiya Luba: Malam Sani, to mi ya samu aikin matan? Ɗakin kakata a Kanwuri, daɓen da sunka yi tun ban san kaina ba, har ta rasu bai tsage ba. Naku na maza ga shi wata huɗu ya koma ganga.

Malam Sani: Hajiya, ban raina ba. Suna nike gyarawa.

Kabiru: Gyaran naka ma yana son gyara. Sikiridin na bango ne, wanda ake shafawa kafin fenti. Na ƙasa jaman fulo sunansa.

Aminu: Kai Kabiru, jaman fulo kankare ne da ake zubawa bisa ciko tun ana fandisho. Da tsakuwa ake haɗa shi. Kai da ba ka taɓa aza bulo ɗaya ba.

Kabiru: Ban aza ba, amma ban ci kuɗin adashin mutane na yi katanga ba.

Aminu: Ka faɗi sunan wanda ya ci in ka isa.

Murtala: Subhanallahi. Ku ji tsoron Allah, akwai manya a nan.

Bashar mai tayil: Ranka ya daɗe Alhaji, ni ɗan gida ne, haifaffen Runjin Sambo, kuma da wanga aiki nike ci da iyalina. Ku kira shi daɓe ko sikiridin, ni ba ruwana. Abin da na sani, tayil ba ya da ƙarfin kanshi, abin da ke ƙasanshi yake bi. Tsohon makewayi sai an fasa ƙasan duka an ga ciko, don sau da yawa ruwan shekaru ya riga ya zaftare shi, akwai rami ciki. A sake ciko, a jiƙa, a danne shi ya zauna. Fulamba ya gama shimfiɗa fayif, a sake ruwa a tabbata ba ya yoyo kafin a rufe. Sannan a zuba kankare. Bisa shi a yi haɗin siminti da yashi, kwano ɗaya na siminti, uku ko huɗu na yashi mai kaifi wanda babu laka ciki. A nan ake fidda gangare, ba lokacin ɗora tayil ba: kowace mita ɗaya ƙasa ta sauka kamar santimita ɗaya zuwa biyu wajen magudana, kuma da ma'auni ake yi, ba da ido ba. Sai a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kwana bakwai. Zafin garin ga in ka bar siminti babu ruwa, bushewa zai yi bai yi ƙwari ba, ka murza da yatsa ya zama gari. Bayan nan a shafa maganin hana ruwa, ƙasa da gindin bango da kusurwoyi, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana. In da safe bai ragu ba, to a ɗora tayil, a cika bayan kowane da siminti, ba a ɗiga mishi dunƙule huɗu a kusurwa ba. Ƙarar gangan nan da ka ji, iska ce ƙarƙashi. Tambayata guda: kwana nawa aka yi ana aikin naka?

Danladi: Wa zai karanta duk wannan? Ni dai abin da ya tsaya mini, wai makewayi. Banɗaki ake cewa, jama'a.

Hajiya Luba: A Kano ba. Nan makewayi munka tashi muna ji.

Danladi: Hajiya, Hausar da ake rubutawa a littafi ai tamu ce.

Malam Sani: Littafi? Ɗan Kano zai yi muna gorin littafi a garin Shehu?

Shehu direban tifa: Bashar, tsaya. Mi kake nufi da yashi mai laka? Kullum aiki ya lalace sai a ce yashi. Mu daga gulbi muke ɗebowa, mai gida ne zai ce a kawo mai araha.

Bashar mai tayil: Maigida Shehu, ban ambaci kowa ba. Damƙi yashi jiƙaƙƙe ka buɗe hannu, in ya bar maka jan shafi a tafi, akwai ƙasa ciki. Shi ke nan.

Shehu direban tifa: Kai dai ka ambata.

Alhaji Nasiru: Bashar, kwana biyu aka yi. Muna da baƙi na suna, na ce kada a fasa tsohon simintin, a ɗora bisa. Yaron da ya yi aikin ya so ya ja ni da maganar sati guda, na ce ban da wannan lokaci. Amma ai wanda ya iya, ya iya. Abokina a Arkilla 'yan Kwatano suka yi mishi, shekara uku ko gezau.

Bashar mai tayil: Su kwana nawa sunka yi?

Alhaji Nasiru: Ban tambaya ba.

Malam Sani: Alhaji, ka ga yanzu da bakinka ka ce tsohon siminti, ba ka ce tsohon daɓe ba. Magana ta fito.

Aminu: Daɓen siminti fa? Ba ka taɓa jin an ce an yi wa tsakar gida daɓen siminti ba?

Malam Sani: Kuskure in ya yi yawa ba ya zama daidai.

Kabiru: Garin da ake yin siminti nan Kalambaina, a ce sai an ɗauko mutum daga wata ƙasa ya kwaɓa muna shi. Abin kunya. Aminu, ina jiran ka.

Aminu: Mu haɗu bayan la'asar.

Hajiya Luba: Har yanzu dai Malam Sani bai janye maganar aikin mata ba.

Umar, shugaban zaure: To jama'a, an kusa kiran salla, bari in taƙaita. Na ɗaya, Kawu Alhaji Nasiru an cuce shi, kowa ya shaida, Allah ya saka mishi. Na biyu, kalmar daɓe da ya yi amfani da ita daidai ce, mafi yawa sun goyi baya, Malam Sani a yi haƙuri. Na uku, maganar 'yan Kwatano babu wanda ya kawo hujjar da ta ture ta, ga ma shaidar Arkilla. Bashar mun gode da dogon bayani, amma a riƙa taƙaitawa, kuma ba a cika yi wa manya tambaya cikin taro ba. Kabiru da Aminu ku same ni a shago. Mai lambar wani ɗan Kwatano ya tura wa Kawu, yana son a gama kafin Juma'a.