Motocin Le Mans da suka hau titi: abin da aka ce a zaman hira

Hirar ta taso ne daga tambayar wani: idan mutum ya samu hali, wacce zai saya cikin motocin tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa, da aka yi wa lambar titi? Shawara ta farko ita ce ya san asalinsu. Dokar ajin GT1 ta shekarun 1990 ce ta tilasta wa kamfanoni su ƙera na titi kafin a bar su su yi tsere. Ta haka aka samu Porsche 911 GT1 da Mercedes-Benz CLK GTR. Dauer 962 kuwa motar tsere ce zalla da aka sa wa rigar motar titi, ta kuma ci Le Mans a 1994.

An fi daɗewa a kan wahalar zama da su. CLK GTR, mai injin V12 (silinda 12), sai ka tsallake wani faffaɗan dokin ƙofa, ka lanƙwashe kamar mai shiga akurki. Cikinta kusan a ƙasa yake, ƙaramin tudun hana gudu ya ishe ta. Ga zafi, ga ƙara, baya ma ba ka gani sosai. Don haka aka ce a nemi makanikin da ya san ta tun kafin a yi maganar kuɗi, a kuma duba takardun tarihinta, musamman ko ta taɓa haɗari.

Toyota GT-One kam a cire rai. Biyu kacal aka yi na titi, ba a sayar da ko ɗaya ba. Ni abin da ya ba ni dariya, doka ta ce dole motar ta kasance da wurin ajiye akwati, sai aka nuna wa jami'an tseren tankin mai a matsayin wurin, suka kuwa yarda.