Neman shawara: na wanke tsohuwar tsuba da lemun tsami, akwai gyara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake yi a Kyoto. Watan jiya na leƙa kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a harabar haikalin Toji ranar 21 ga kowane wata, na sayo tsuba. Ga wanda bai san ta ba, faifan ƙarfen nan ne da ke tsakanin ƙota da ruwan takobin Japan, mai tare hannu kada ya zame kan kaifi. Tawa ba ta fi santimita 8 ba, ta baƙin ƙarfe ce, an dasa mata zaren tagulla kamar yaɗon kabewa. Tsarabar Baba ce, mutum ne mai son takubba.

Ga inda na tafka ɓarna. Na ga ta yi duhu, sai na yi mata irin wankin da Inna ke yi wa tasoshi, lemun tsami da gishiri. Gefe ɗaya ya yi fari tas, bayan kwana 3 jar tsatsa ta feso, zare ɗaya kuma ya ɗago har farce na shiga ƙarƙashinsa. In ƙarasa wanke ɗaya gefen su daidaita? In liƙe zaren da gam?

Maƙerin fari daga Kano:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye lemun nan don Allah. Gam kuma kada ka soma. In dai dashen gaske ne, rami aka sassaƙa a jikin ƙarfen, ƙasansa ya fi bakinsa faɗi, aka kwantar da zaren, aka bi shi da guduma har ya baje ya cika ramin. Bakin ramin ne ke riƙe da shi. Tsatsa ta ci bakin, shi ya sa ya ɗago. Ka zuba gam, ka toshe wa mai gyara hanya.

Wata 'yar uwa mai aikin adana kayan tarihi:
Malam, duhun da ka goge shi ne rigar ƙarfen. Da gangan maƙerin ya yi shi, shekaru suka ƙara masa kyau, kuma masu saye shi suke fara dubawa. Yanzu ka ɗauraye tsamin da ruwa, ka busar da ita sarai, ka kankare jar tsatsar kaɗai da guntun ƙashi ko ƙaho, don sun fi ƙarfe laushi. Ka riƙa shafa ta da tsumman auduga, amma ka kauce wa wurin da zaren ya ɗago kada tsumman ya fizge shi. Ban da soson ƙarfe.

Ka ma yi sa'a ta baƙin ƙarfe ce. Akwai waɗanda ake yi da shakudo, wato jan ƙarfe da aka gauraya da 'yar zinariya, a dafa shi cikin wani ruwan magani ya koma baƙi mai sheƙin shuɗi. Wannan launin a fatar sama kawai yake, shafa ɗaya da lemun tsami sai ja ya bayyana. Haka ma in da nunome ce, inda ake kakkarce fuskar ƙarfen kamar saƙar zane a buga siririyar zinariya a kai, da tuni ta bi gishirinka.

Wani mazaunin Osaka:
Kafin ka kashe kuɗin gyara, tabbatar tsohuwa ce tukuna. Na zubi, wato jabun da ake narka ƙarfe a zuba a fitar da siffarsu, sun cika kasuwa. Duba gefenta da cikin ramin tsakiya, inda gindin takobi ke shiga: in ka ga layin haɗi ko ƙananan huji kamar na kumfa, zubi ce. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, ƙarfen zubi ma yana kamawa. Yadda ka kwatanta ta, ta yi kama da salon Heianjo, baƙin ƙarfe da dashen tagulla, kuma an daɗe ana kwaikwayonsa har cikin zamanin Edo, 1603 zuwa 1868. Bayan dokar 1876 da ta hana samurai yawo da takobi, tsuba da yawa sun rabu da takubbansu, shi ya sa kake ganinsu a tire ɗaya ɗaya. Ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK, da ke Tokyo, wadda aka kafa a 1948, tana ba da takardar tantancewa, sai dai ni ba zan kai mata wadda aka wanke ba. Fara nuna wa mai shagon takubba a nan Kyoto.

Maƙerin fari daga Kano:
Zaren da ya ɗago ɗin ma shaida ce cewa dashen gaske ne, ba fenti ba. Fenti ba ya ɗagowa da kauri.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na haska ta da fitilar waya, babu layin haɗi. A cikin ramin tsakiya, sama da ƙasa, akwai wasu 'yan guntayen jan ƙarfe da aka cusa. Su ma in cire?

Wani mazaunin Osaka:
Kul! Sekigane ke nan, ciko ne da ake sawa don ta kama gindin takobi daram. Galibi alama ce an taɓa ɗaura ta a takobi. Naɗe ta a tsumma mai laushi, gefen zaren yana sama, ka kai ta shagon a haka.