Abin da aka tattara kan kare shanun madara daga zafi

Masu kiwo da likitocin dabbobi da suka tattauna batun sun yi ittifaƙi cewa saniya kan fara shan wahalar zafi tun kafin mai ita ya ankara. Tumbinta ma zafi yake fitarwa yayin narka abinci, shi ya sa wadda ta fi ba da nono ta fi jigata, musamman irin shanun Turai da ake kira Holstein. Daga wajen digiri 25 a ma'aunin Celsius matsalar kan soma, balle in akwai laima a iska.

Don gane ko zafi ya dami saniya, a tsaya a ƙirga numfashinta ta motsin haƙarƙarinta. In numfashi ya haura 60 a minti ɗaya, ta fara galabaita. In kuwa ta wage baki tana haki, miyau na dalala, abin ya yi nisa.

Ruwa aka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, domin saniyar da ake tatsa na iya shan fiye da lita 100 a yini. A ajiye shi a inuwa, mai tsabta, a wurare da yawa don manya kada su hana ƙanana.

Batun feshin ruwa ne ya fi jan hankalina. A jiƙa saniyar sharkaf har ruwan ya taɓa fata, sannan fanka ta busar, a maimaita. Yayyafin da ya tsaya a kan gashi laima kawai yake ƙarawa. A fara da wurin jiran tatsa, inda suke cunkushewa.

A mayar da yawancin ciyarwa sassafe da dare. Masu cikin da aka daina tatsa su ma a sanyaya su, in ba haka ba nononsu zai ragu bayan haihuwa.