Neman kalma: me za mu kira endometiriyosis da Hausa?

Masu Hausa da ma'aikatan lafiya, a taimaka. Muna shirya faɗakarwa ga mata a Tudun Wada ta Kaduna cikin Maris, watan da aka ware wa wannan cuta a duniya, amma sunanta ya tsayar da mu. Endometiriyosis ba kalmar da za a faɗa wa Inna sau ɗaya ta riƙe ba ce. Anti, Malam da Likita sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan amsa musu a nan ƙasa.

Mu fara sanin abin da muke raɗa wa suna. A cikin mahaifa akwai shimfiɗa mai yin kauri duk wata tana jiran ciki. In bai shiga ba sai ta zube, jinin al'ada ke nan. A wannan cuta, nama irin na shimfiɗar ne ke tsirowa inda ba muhallinsa ba: kan gidan ƙwai, jikin bututun da ƙwai ke bi, bayan mahaifa, wani lokaci har hanji da mafitsara. Shi ma in wata ya zagayo yakan kumbura ya yi jini, sai dai babu mafita. Daga nan tabo ya biyo baya, kayan ciki su manne da juna. Mace ta riƙa murƙususu lokacin al'ada, ta ji zafi wajen kwanciyar aure ko bayan gida, wata kuma haihuwa ta yi mata wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa na da ita, wajen mata miliyan 190.

Anti, na ga kin ce a bar ta a "ciwon mara mai tsanani". Allah ya ƙara girma, amma wannan alama ce, ba suna ba. Kuma da wannan kalmar ake sallamar yarinya shekara da shekaru: kowace mace na yi, ki sha ruwan zafi, in kin yi aure zai daina. Ta yi auren, bai daina ba.

"Sanyin mahaifa" kuwa ban yarda ba ko kaɗan. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta a ban-ɗaki, ba miji ko abokiyar zama ke shafa ta ba. Ranar da muka ce sanyi, mun tura mata kemis sayen kafso, mun kuma kunna rigima a gidaje.

"Ƙarin mahaifa" yana da mai shi. Shi ake faɗa wa dunƙulen tsokar nan da ke fitowa a jikin mahaifa, wanda hoton ciki ke nunawa ba wahala. Wannan tamu sau da yawa hoto ba ya kama ta, sai dai in ta tara tsohon jini a gidan ƙwai. Akan tabbatar da ita ta hanyar leƙa ciki da 'yar kyamara ta ƙaramar huda kusa da cibiya.

Malam, taka ta burge ni: "komawar al'ada da baya". Tana da tushe. A 1927 likitan mata John Sampson na Amurka ya kawo bayanin cewa jinin al'ada kan bi bututu ya koma ciki ya dasa naman. To amma mata da yawa jininsu na komawa haka ba tare da sun kamu ba, kuma masana ba su gama tsayawa kan sanadi ɗaya ba. Kada mu ɗora suna kan maganar da ake ci gaba da bincike a kanta.

Ga tawa: yaɗon mahaifa. Duk wadda ta taɓa shuka kabewa ta san yaɗo, yadda take barin gindinta ta haye danga ta kama wuri a gidan maƙwabta. Kalma biyu, ba ta tsorata mace, ba ta kuma raina ciwon.

Likita, gyaran da ka yi wa wannan sunan ya karɓu. Gaskiya ne wata za ta ji yaɗo ta ɗauka cuta ce mai yaɗuwa tsakanin mutane, ko ta zaci daji ne, alhali ba ko ɗaya ba ce. Jimla guda ta isa a kawar da wannan a wajen bayani. Ɗaya maganar taka ta fi nauyi, cewa ba mahaifar ce ke yaɗon ba, nama ne mai kama da shimfiɗarta.

Don haka a rubuce za mu sa "yaɗon shimfiɗar mahaifa", a baki kuwa "yaɗon mahaifa". A takardar da za a raba, sunan asibiti zai zauna kusa da na Hausa, don wadda ta je asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho ta nuna a gane abin da take nufi.

Saura 'yar uwarta adinomiyosis, inda naman ke nutsewa cikin tsokar mahaifar kanta maimakon ya fita waje. Na rubuta "yaɗon cikin tsoka" a gefe, amma bai zauna mini a baki ba. Anti, Malam, ku kawo naku.